Amsoshin Tambayoyinku: An Cire Sankarar Tiroyid, Sai Me Ya Rage?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, na cikin garin Maraɗi da na karkara, barkanmu da warhaka. Ga mu cikin filin amsoshin tambayoyinku. Makon jiya mun yi maganar maƙoƙo da tiroyid, halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙon. Tun daga ranar saƙonni ke ta shigowa, kuma da yawansu daga waɗanda aka riga aka yi wa aiki ne, aka ce musu abin da aka ciro sankara ce. Su muka ware wa filin yau. Likitanmu na makon jiya ya sake amsa gayyata. Likita, barka da zuwa, ya zafi?

Likita: Barka kadai, Malama. Zafi lokacinsa ne, kuma za mu taɓo shi, don yana da ruwa da tsaki a maganar magani.

Mai gabatarwa: To bismilla. Saƙon farko daga wata baiwar Allah ce a unguwar Zariya. Ta ce: "Shekara biyu ke nan da aka yi mini aiki, aka cire mini tiroyid gaba ɗaya, daga baya aka ba ni iyod na nukiliya na sha. Yanzu garau nake, ina aikina, ina shan ƙwayata. Maigidana ya ce tunda na warke, zuwa awon jini da hoto ɓarnar kuɗi ce. Har yaushe zan yi ta wannan zirga-zirga?"

Likita: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya, a kuma gaida maigida. Bari in fara da inda ya yi gaskiya. Sankarar tiroyid irin wadda ta fi yawa tana cikin masu sauƙin kai a duk sankarorin da muka sani. Wadda muke kira papiler ita ce kusan takwas cikin goma a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna nan da ransu bayan shekara goma. Ta biyu, folikuler, ta fi samuwa inda iyod ya yi ƙaranci a abinci, ita ma tana jin magani. In ya ce kin samu lafiya, bai yi ƙarya ba.

Inda muka rabu da shi shi ne ɗaukar jin garau a matsayin shaida. Ciwon nan a hankali yake tafiya. In zai dawo, yawanci da 'yar kaluluwa yake farawa a gefen wuya, wadda ba ta kai santimita ɗaya ba, ba zafi, ba zazzaɓi, hannu ma ba ya jin ta. Mai ita yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa. An fi ganin dawowar cikin shekaru biyar na farko, amma akwai wadda ke ɓullowa bayan shekara goma, har ashirin. In an kama ta tana ƙarama, aiki ne ƙarami. In aka bar ta sai da ta taɓa murya ko ta danne maƙogwaro, magana ta canja.

Abu biyu muke dogara da su. Na farko awon jini ne, sunansa tiroglobulin, a takarda za ki ga an rubuta Tg. Duk jikin ɗan Adam babu inda ake yin wannan sinadari sai a tiroyid. Ke kuwa an cire taki, iyod ɗin da kika sha ya ƙone ragowar. Kamar mutum ne ya sayar da awakin gidansa kakaf, ya share tsakar gida, da safe ya tashi ya tarar da sabon kashin awaki: ko bai ga akuya ba, ya san akwai wadda ta maƙale wani lungu. Haka Tg take. In ta yi ƙasa da 0.2, hoton wuya kuma bai nuna komai ba, muna cewa magani ya ci sosai, kuma cikin irin waɗannan mutane waɗanda ciwon ke dawo musu ba su wuce ɗaya zuwa huɗu cikin ɗari ba. In ko muka ga tana hawa daga wannan awo zuwa na gaba, sai mu shiga nema.

Na biyu shi ne hoton wuya, ekogarafi. Ana yin na farko wata 6 zuwa 12 bayan aiki, daga nan tazarar ta danganta da abin da aka gani.

Mai gabatarwa: Amma Likita, ita tambayarta har yaushe.

Likita: Ƙwayar lebotiroksin, wadda ke maye gurbin abin da tiroyid ke zuba wa jini, har ƙarshen rayuwa ce, wannan babu ja. Awo kuwa ba ya tsayawa, amma yana sassautawa. Shekarun farko duk wata shida zuwa shekara. In komai ya tsaya lafiya, sai a koma sau ɗaya a shekara, wasu ma har shekara biyu. Kuma ba kowane awo ne sai an ci kilomita fiye da 600 zuwa Yamai ba. Na'urar ekogarafi akwai ta a nan Maraɗi. Masu fannin nukiliya su ne ke can, a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdu Mumuni. Ki zauna da likitan da ke bin ki, ki tambaye shi ƙarara: wanne zan yi a gida in aiko maka da sakamakon, wanne ne sai na zo da kaina?

Sai dai a kula da abu biyu game da Tg. A daure a riƙa yin ta a labo ɗaya, don na'urori ba bakinsu ɗaya ba. Jini guda kan ba da lamba biyu a wuri biyu, mutum ya kwana da fargaba a banza. Sannan kullum a haɗa ta da awon da ake rubutawa anti-Tg. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar jininsa na da wasu sojojin jiki da ke rufe Tg, na'ura ta nuna babu, alhali akwai. Wanda kuma rabin tiroyid kawai aka cire masa, shi Tg ba ta faɗa mana abu mai yawa, tunda rabin da ya rage yana yin ta. Hoton wuya ne madogararsa.

Kuma don Allah a adana takardu. Sau da yawa mutum zai shigo mini da tabo a wuya da kwalin magani a aljihu, in ce ina takardar anapat, wadda ta faɗi irin sankarar da girmanta da ko ta taɓa kaluluwa, ya ce tana wajen ƙanensa a Yamai, ko ruwan damina ya ci ta. Wannan takarda ita ke gaya mini ko in sa masa ido sosai ko in sassauta. A sa ta a leda tare da takardar aiki da ta iyod, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Mai gabatarwa: Madalla. Na biyu daga wani malamin makaranta ne a Tasawa. Ya ce wata takwas da yi masa aiki, ya yi awon TSH ya fito 0.08, a gefen takardar kuma an rubuta cewa daidai shi ne daga 0.4 zuwa 4. Wani ɗan'uwansa ma'aikacin lafiya ya ce maganin ya yi masa yawa, ya riƙa raba ƙwayar biyu. Yana tambaya ko ya raba.

Likita: Malam, kada ka raba sai ka ji daga bakin likitan da ke bin ka. Ɗan'uwanka ya karanta takardar daidai, amma ma'aunin da ke gefen nan na mutumin da bai taɓa yin sankara ba ne.

TSH saƙo ne da wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take aika wa tiroyid, tana ce mata ki yi aiki, ki girma. In akwai ragowar ƙwayoyin sankara a jiki, su ma suna jin wannan saƙo, su ma sai su girma. Shi ya sa da gangan muke ba ka lebotiroksin da ɗan rinjaye, don ƙwaƙwalwa ta ga jini ya wadata ta rage aiken. Wanda ciwonsa ya yi nisa kafin a yi aiki, muna son TSH ɗinsa ƙasa da 0.1. Na tsakiya, daga 0.1 zuwa 0.5. Wanda tasa ƙarama ce kuma an cire ta tsaf, daga 0.5 zuwa 2 ya isa. Ban ga takardar anapat ɗinka ba, ba zan yanke maka ajinka ta rediyo ba, amma 0.08 a wata na takwas na iya zama daidai abin da aka nufa.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna, don ba a cika faɗarsa ba. Wannan rinjaye ba na har abada ba ne. Akwai waɗanda aka ɗora wa babban awo tun ranar da suka bar asibiti, suka yi shekara goma a kai, babu wanda ya sake dubawa. Magani in ya daɗe da yawa a jiki yana rikita bugun zuciya, musamman ga dattawa, yana kuma cinye ƙashi, musamman ga matan da haila ta ɗauke musu. Mutumin da Tg ɗinsa ta kwanta shekaru, hoto kuma fes, babu dalilin ci gaba da danne masa TSH. Ni a ganina wannan sakaci ne daidai da na barin maganin. In kana jin faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa ba dalili, rashin barci, ko kana ramewa alhali kana ci, ka faɗa. In kuma kasala ce, jin sanyi ana tsakiyar zafi, kumburin fuska, bushewar fata, taurin bayan gida da mantuwa, alama ce bai isa ba. Duk lokacin da aka canja awon ƙwaya, sai a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake auna TSH. In aka yi gaggawa lambar ba ta zauna ba tukuna.

Mai gabatarwa: Ga wani ɗan kasuwa daga Madarunfa, shi tambayoyinsa a jere suke. Ya ce an gaya masa gero na kawo maƙoƙo, ko ya bar fura? Ya ce wani lokaci ƙwayarsa mai suna Levothyrox kan yanke masa, sai ya sayo wani mai suna daban in ya tsallaka Katsina. Sannan ya ce yaya zai yi da azumi.

Likita: Alhaji, sha furarka. Gaskiya ne an yi bincike a yammacin Sudan aka ga gero na da wasu sinadarai da ke rage wa tiroyid ƙarfi inda iyod ya yi ƙaranci. Amma kai ba ka da tiroyid ɗin da zai rage wa ƙarfi, kuma gero ba ya dawo da sankara. Abin lura shi ne lokaci. Ƙwayar nan ba ta son abokin tafiya a ciki. Nono da madara suna da kalsiyom, yana kama ta ya hana hanji tsotsewa. Waken soya ma haka, ga mu kuwa a garin awara. Kofi ma yana rage ta.

Dabarar da nake ba mutanena mai sauƙi ce. Ka ajiye kwalin da kofin ruwa kusa da shimfiɗa. Da ka farka sallar asuba, kafin ka yi alwala, ka haɗiye ta da ruwa zalla. Ka je masallaci, ka dawo, ka yi lazimi. Kafin yara su kawo koko da ƙosai minti 30 zuwa awa guda ta wuce, shi ke nan ka fita haƙƙinta. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyom da maganin gyambon ciki irin mai kama da madara, su sai an ba su tazarar awa huɗu. Wanda aka ɗora wa maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ya gaya wa likitansa, don wasunsu na sa jiki ya ƙone lebotiroksin da sauri, sai an ƙara awo.

Azumi ba ya gagarar mafi yawanku. Ko ka tashi da wuri ka sha ta rabin awa zuwa awa kafin sahur, ko ka sha ta lokacin kwanciya in ka yi awa uku rabonka da abinci. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Abin da ba na so shi ne a haɗiye ta tsakiyar buɗa-baki, a bi ta da kunu da fura. In ka manta wata rana, ka sha da ka tuna. Maganin yana daɗewa a jini, sai kusan mako guda rabinsa ke fita, rana ɗaya ba ta rushe komai. Mako biyu, uku, wannan kam ya zama matsala.

Maganar canja iri kuwa, Levothyrox da Euthyrox da sauransu duk lebotiroksin ne, amma haɗinsu kan bambanta kaɗan, kuma wannan magani ne da kaɗan ɗinsa ke da tasiri. A Faransa a 2017, da aka sauya haɗin Levothyrox, dubban mutane sun yi ƙorafin jikinsu ya canja. In dole ta sa ka canja, ka duba lambar da ke jikin kwalin, 100 ko 125 ko nawa ne naka, mikrogaram ne, ta zama daidai da taka, sannan ka auna TSH bayan mako shida zuwa takwas. Kuma a farmasi za ka saya, can ko nan. Kwalin da ya wuni a kan tebur cikin rana, ko a tire a kan mai talla, ba ka san abin da ya rage a cikinsa ba. An so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, mu kuwa a watan Afirilu da Mayu muna haura 40. Kada a bar shi a aljihun mota ko a shago mai rufin kwano. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da rana da laima, a bar ƙwayoyin cikin takardarsu har ranar sha.

Mai gabatarwa: Wannan kuma ta ce kada a faɗi ko unguwarsu, daga Tibiri dai take. Amarya ce, an yi mata aiki kafin aure, ta sha iyod wata biyar da suka wuce. Dangin miji sun fara cewa mai irin wannan ciwo ba ta haihuwa, in ma ta haihu ba ta shayarwa.

Likita: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Mata masu yawa sun haihu bayan wannan aiki, sun shayar, 'ya'yansu lafiya lau. Ciwon nan ya fi kama mata, kusan ninki uku a kan maza, kuma da yawa a shekarun haihuwa, don haka tambaya ce da aka daɗe da amsa ta.

Abin da ake so shi ne a jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12 bayan shan iyod na nukiliya. Ke kina wata na biyar, ki ɗan ƙara haƙuri, ki je ku yi maganar tazara da ungozoma tare da maigidanki. Lebotiroksin ba ya cutar da ciki. Barin sa ne ke cutarwa, don a watannin farko jariri da na uwarsa yake gina ƙwaƙwalwarsa. Da kin ga ɓatan wata, kada ki jira ranar awo, ki nemi likita a makon, domin yawanci sai an ƙara awon da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a kuma riƙa auna TSH duk mako huɗu har ciki ya kai rabi. Jan maganin ƙarin jinin da za a ba ki wajen awo, ki sha shi da rana ko da dare, ba tare da ƙwayar asuba ba. Shayarwa kuma babu laifi. Iyod na nukiliya ne kaɗai ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.

Mai gabatarwa: Akwai gajeru guda uku, bari in haɗa su. Wata ta ce abokiyar zamanta ta daina cin abinci kwano ɗaya da ita tun da ta sha iyod bara. Wani daga Gidan Rumji ya ce tun bayan aiki yatsunsa da leɓɓansa ke yin kamar ana tsira masa allura, wani lokaci hannun ya ƙage. Wani limami kuma ya ce muryarsa ba ta koma ba.

Likita: Ta farko, sankara ba a ɗaukarta, ba ta kwano, ba ta shimfiɗa. Iyod ɗin kuma duk kwana takwas rabin ƙarfinsa ke mutuwa, mafi yawansa ma fitsari ke fitar da shi a kwanakin farko. Keɓewar 'yan kwanaki ce. Na bara babu ko ɓurɓushinsa.

Na Gidan Rumji, kai kada ka yi wasa. A bayan tiroyid akwai wasu 'yan ƙananan halittu huɗu da ke riƙe da kalsiyom na jini, wani lokaci aiki kan taɓa su. Ga mafi yawan mutane suna farfaɗowa cikin makonni ko watanni, wasu kuwa sai sun dawwama a kan kalsiyom da bitamin D. Ka je a auna maka kalsiyom a wannan makon. In hannu ya ƙage ya ƙi saki, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Malam liman, jijiyar murya a jikin tiroyid take bi, ta kan ji jiki wajen aiki, kuma takan ɗauki watanni kafin ta dawo. In an haura wata shida, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani. Amma ga kowa da kowa: muryar da ta koma daidai sannan ta sake dushewa makonni ba mura, sabon kumburi a wuya, wahalar haɗiya, tarin da ya ƙi tafiya, ko ciwon ƙashi a wuri guda da ya ƙi jin magani, waɗannan ba a jira musu ranar randebu. Folikuler musamman ta jini take bi, huhu da ƙashi take nufa.

Mai gabatarwa: Daga Dakoro, wata uwa ta ce: "Tunda na yi wannan, shin wata sankarar za ta biyo baya? Kuma in kai 'ya'yana duka a yi musu hoton wuya?"

Likita: Inna, maganar 'ya'ya ta danganta da irin taki. Akwai wadda ake kira meduler, ba ta da yawa, amma kusan ɗaya cikin huɗu nata gado ne, ta wata ƙwayar halitta da ake kira RET. In takardarki ta ce meduler, to lallai a duba 'ya'yanki da 'yan'uwanki na jini, kuma ke kanki ba Tg ake bin ki da ita ba, wasu awon jini ne daban, kalsitonin da CEA. In papiler ce ko folikuler, kuma ke kaɗai ce a dangi, ban ba ki shawarar kwasar yara zuwa hoto ba. Likita ya shafa wuyansu ya isa. In an sami mutum biyu ko uku a gida ɗaya, sai a sake lissafi.

Ina da dalili. A Koriya ta Kudu, daga 1999 aka shiga yi wa mutane masu lafiya hoton wuya barkatai. Zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da sankarar tiroyid ya ninka na 1993 sau 15, aka yi wa dubbai aiki, suka koma shan ƙwaya har abada, amma yawan masu mutuwa da ciwon bai sauya ba. Ƙananan ƙulli ne aka yi ta tonowa waɗanda da an bar su ba za su taɓa tashi ba. Hoto na wanda ke da dalili ne, irinki.

Ke kuma, haɗarin wata sankarar ya ɗan ɗara na sauran mutane kaɗan, musamman ga wanda ya sha iyod mai yawa sau da dama, amma bai kai a ƙirƙiro miki wasu awo na musamman ba. Abin da na fi gani shi ne akasin haka: mace ta tattara hankalinta duka a wuya, ta manta da sauran jiki. A ƙasarmu sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba cikin sankarorin da ke kashe mata, kuma sun fi ta tiroyid zafi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 30 mace ta riƙa awon bakin mahaifa, duk shekara uku in irin na dubawa da ido ne, duk shekara biyar zuwa goma in na ƙwayar cutar HPV ne. Ki riƙa shafa mamanki, in kin ji ƙulli kada ki ɓoye, kuma duk zuwan da za ki yi don wuya ki ce a duba miki su. Maza da mata, a yi awon ciwon hanta nau'in B ko sau ɗaya, don yana da yawa a yankinmu kuma shi ne babbar ƙofar sankarar hanta. Wanda ya sha iyod kuma bakinsa ke bushewa, ya yawaita ruwa ya kula da haƙora, don ƙarancin miyau na sa su ruɓewa.

Mai gabatarwa: Lokaci na neman ƙure mana, amma wannan ba zan tsallake ta ba. Wani manomi daga Mayayi ya sa ɗansa ya rubuto. Ya ce bana amfanin gona bai yi ba, ba zai iya ƙwaya da awo da hoto da kuɗin mota duka ba. Wanne zai bari? Ya ce kuma wani mai magani ya ce zai ba shi sassaƙen da zai raba shi da ƙwayar.

Likita: Baba, Allah ya hore, ya ba mu damina mai albarka. Sassaƙen nan ka bar shi. Babu itacen da ke maye gurbin abin da tiroyid ke zuba wa jini. Wanda aka cire wa ita duka in ya bar ƙwaya, makonnin farko ba zai ji komai ba, har ya ce maganin gargajiya ya yi aiki. Daga nan jiki ya fara mutuwa, fuska ta kumbura, magana ta yi nauyi, in aka yi watanni har suma takan kai, ga kuma TSH ta hau sama tana ciyar da duk ragowar ciwon. Haka nan in wani kumburi ya fito a wuya, kada a kai shi ga wanzami a tsaga.

In dole sai an zaɓa, ga yadda zan jera maka. Ƙwaya ita ce farko, ba a taɓa kuɗinta, kuma ka sayi sabon kwali tun saura na mako biyu a tsohon. Sai awon TSH da Tg a jini ɗaya, ko sau ɗaya a shekara. Ka ɗora shi bayan kaka, lokacin da akwai ɗan abin hannu, ka riƙe watan nan duk shekara. Hoton wuya shi ne na uku, kuma shi ne likita zai iya tazarta maka in Tg ta kwanta. Kada ka ji kunyar gaya masa halin da kake ciki. In ya sani, zai rage abin da za a iya ragewa, ya haɗa maka awo da ganin likita a rana ɗaya don kada ka biya mota sau biyu, wani sakamakon ma ɗanka ya tura masa ta WhatsApp. In ka ɓace ne ba shi da abin da zai yi maka.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Akwai saƙonni biyu kan gishiri mai iyod da ba mu kai gare su ba, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu rubuto mana kan sakamakon awo, a riƙa haɗawa da irin aikin da aka yi da shekarar da aka yi shi. A huta lafiya.